Turken da ya kayar da jikata

Jikata Hadizatu ta shiga aji yau da ƙafarta, ba wanda ya riƙe mata hannu!

Gafara dai, salamu alaikum mai gabatarwa da masu sauraro. Idi ne daga Filinge, ɗalibin karatun yamma na manya.

Hadizatu ba ta gani sosai. Lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, ba katanga, duk Lahadi mu masu zuwa kasuwa mukan ɗaure jakai a filin, mu bar turaku a kafe. Wata Litinin ta yi tuntuɓe, ta fasa leɓe, ta ce ta bar karatu. Da na je dubawa, turkena ne.

Malamarsu ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Baba, tunda kun iya kafa turke, ku kafa mana inda zai yi amfani."

Na tara abokaina masu jakai, muka tuge turakun duka. Muka kafa dogaye a jere, daga bakin hanya har aji da makewayi, muka ɗaura igiya daidai hannun yara.

Malama, abokaina, Allah ya saka da alheri. Jama'a, ku zo gobe da safe ku gani, amma ku tsaya gefe, Hadizatu ba ta son a tare mata igiya.