Gidaje Goma Sha Biyu a Filin Tsohuwar Masaƙa

Mai girma shugaban taro, Mista Thibodeau. 'Yan majalisar gari. Dattawanmu da suka riga kowa kama kujerun gaba. Maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku. Ina godiya da minti ukun da aka ba ni. Shekara ta huɗu ke nan ina tsayuwa a wannan zaure a kan magana ɗaya: gina gidajen haya goma sha biyu a filin tsohuwar masaƙa. Na gaji, na kuma san kun gaji da ni.

Da farko, kalmar da ake ta jifa da ita tun safe, wato libaral. Kakata da ita take kiran mai sakin hannu, wanda ba ya auna man shanu in baƙo ya zo. A jami'a malaminmu ya ce mai son a bar kasuwa ta yi yadda ta ga dama ne. Dwight, mijin yayata, zagi yake yi da ita. A layinmu kuwa allo ne da ake kafawa a ƙofar gida, an rubuta "Kowa namu ne." Na ƙirga goma sha tara.

Na biyu, Yolanda Baptiste. Ita ke yi wa mahaifiyata wanka, ita ke juya mijin Misis Hathaway a kan gado sau uku a rana. Mil arba'in take tuƙowa cikin dusar ƙanƙara, domin babu ɗakin da za ta iya kamawa a garin nan. Ta gaya mini in aka sake kayar da maganar gidajen a ƙuri'a, za ta karɓi aiki kusa da gida. Ban roƙe ta ba, don ban san da wane baki ba.

Jiya a kanti Misis Hathaway ta riƙe hannuna ta ce, "Haba 'yata, ni libaral ce tun ba a haife ki ba. Ni dai masu hayar ina za su riƙa ajiye motocinsu?" Dwight yana bayanmu ya ce, "Mama, ki ce ba kya so kawai, kamar yadda na ce. Ba abin da ya sami bakina." Ban taɓa zaton zan yabi Dwight a bainar jama'a ba.

Na uku, ƙuri'a. Dokarmu ta ce mutum bakwai na iya neman a jefa ta a takarda, a asirce. Shekara uku ana nema, shekara uku maganar gidajen na faɗuwa, shekara uku kowa na fitowa yana yi mini jaje. Roƙona ɗaya ne: bana a miƙe tsaye a ƙirga. Ban ce ku yarda ba. Yolanda tana kujerar baya, ba ta da ƙuri'a a nan, amma tana da ido. In za ta tafi, ta san waɗanda suka sallame ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu jinyarsu a hanya, ya sa kowa ya iya kallon maƙwabcinsa bayan an tashi. Na gode.