Fatar Bakwaini

A benci, bakin ɗakin bakwaini na asibiti, wata mai jego ta zauna kusa da wata dattijuwa da ta zo dubiya.

"Inna, ɗana yana cikin kwalba. Fatarsa jawur, har jijiyoyi ake gani. Wallahi tsoron taɓa shi nake."

"Ba ta gama haɗuwa ba ne, 'yata. Haka likita ya gaya mini lokacin nawa. Wai a ciki shimfiɗa ɗaya take farawa, siririya, sannan wata ta hau kan wata. Ta saman, mai tare cuta, ita ke zuwa ƙarshe."

"To gara in haƙura sai ta yi ƙwari."

"Abin da na ce ke nan. Nas ta ce in wanke hannu in ɗora masa tafina, ban da shafawa. Na ce sai ya yi ƙwari. Kullum ta gilashi nake kallonsa."

"Yanzu ai ya zama magidanci ko?"

Dattijuwar ta gyara mayafinta.

"Ranar da na fara taɓa shi, jikin ya riga ya yi sanyi. Tashi ki wanke hannunki, 'yata."