Tuwon Ziyara Ya Kusa Raba Ni da Ƙafata

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau. Halleluya!

Kun san ni, Saratu, uwar zumuntar mata. Godiya na zo yi, amma sai na fara amayar da abin da ke raina, kowa ya yi haƙuri.

Tun da kuka ɗora mini wannan aiki nake yawon ziyara gida-gida. Duk inda na shiga, kafin in gama gaisuwa an dire mini tuwo da man shanu, ga fura, ga lemon kwalba. In na ce na ƙoshi, sai a ɓata rai: "Haba Mama, namu ne ba ya ciyuwa?" Sai in ci, gida na gaba ma in ci. Jiki ya yi ta buɗewa har zane ya daina zagaye ni, ku kuwa kuna ta yabo: "Mama ta yi kyau, albarka ta sauka!"

Da kaka, tushiyar kara ta soke ni a gonar dawa. Ɗan ciwon da yaro zai ji ya ci gaba da wasansa, ni nawa ya ƙi warkewa. Ƙafa ta kumbura, ta yi ruwa, ta fara wari, har maigidana Yakubu ya kai ni asibiti a Kano.

Likita ta duba, ta ce, "Mama, kitsen nan ba zama kawai yake yi ba. Akwai sojoji a cikin jini masu yaƙar cuta. In kitse ya yi yawa, sai ya riƙa tayar da su ba hutu, suna faɗa da jikinki, kumburi na cin ki ta ciki ba kya gani. Ranar da cutar gaske ta shigo, sai ta tarar da su a jigace." Ta ce ga suga ya hau, in ciwon ya kai ƙashi sai an yanke ƙafar.

Yanke ƙafa! A kan gadon asibitin nan na fashe da kuka, na ce, "Ubangiji, ka bar mini ƙafata, ka kuma ba ni bakin cewa a'a." Ya kuwa ji ni! Na bi magani, na rage ci, ciwo ya fara haɗewa.

To, da na dawo na soma ramewa, me kuka yi? Wata ta ce girman kai ya hana ni cin abincinta. Wata ta ce Yakubu ya daina ciyar da ni. Har raɗa aka yi wai ciwon zamani ne. A cikin gidan Ubangiji! Lokacin da nake haki kafin in kai bakin rijiya, ba wadda ta damu. Sai da lafiya ta zo kuka sa ni cikin masu bukatar addu'a. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Yanzu kuma na ga kun koma kan amaryar Fasto, wai sai kun gyara ta da ci ta yi ƙiba. 'Yata, in kin ƙoshi ki yi godiya, ki ture kwanon. Wadda ta ɓata rai ki turo ta wurina, in nuna mata tabona.

Na gode wa Yesu da ya cece ni daga wuƙar likita. Ku dogara gare shi, ba ya kunyata nasa. In na zo gidajenku kuma, ku ba ni tabarma da ruwa, mu yi addu'a. Amin!