Mutumin da ya san dangin zomayenmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Lawan, Allah gafarta Liman, wakilin ma'aikatar kiwo, Hadje Aisatu uwargidan marigayi, 'ya'yansa, jama'ar Poumpoumré, sannunmu da rashi.

Ni ce Kaltouma. Matan ƙungiyar kiwon zomo suka tsayar da ni. Da girmana na koyi karatu, ku yi haƙuri da ni.

Malam Mukhtar ya same mu da zomayen gida, masu jure zafi amma ƙanana. Manyan fararen da ake kawowa daga kudu kuwa, zafin Garoua kashe su yake yi. Shi ya haɗa mana namiji fari da macen gida. 'Ya'yan suka ɗauko jikin uba da juriyar uwa, wata uku sun isa yanka.

Ya kasance mai yawo da mazan zomaye a kwando bayan moto, wato babur, yana sauya wa kowane gida nasa. Ya kasance mai raha. Ranar da ya ga na nufi akurkin wata macen zomo da wani namiji, ya ce, "Yaya Kaltouma, wannan ai ubanta ne. Wane limamin zai ɗaura?" Ya kasance ya san uban kowane zomo a gida talatin, duk a kansa.

Da ya kwanta ciwo, muka yi abin da muka saba. Yadda ake aron rariya, haka muka riƙa aron namiji a maƙwabta. Ashe duk dangi ne. Yanzu 'ya'yan suna zuwa kamar ɓeraye, rabi ba sa kai yaye. Mun cakuɗa su, ba mai iya warwarewa.

'Yata Huda tana fama da ƙarancin jini. Likita ya ce nama. Shekara biyu zomayen Malam ne namanta. A akurkina yau saura uku, ba mai auki a ciki. Kullum da safe ina jan fatar idonta in duba, tana ƙara fari.

Hadje, ki gafarce ni, yau ba ranar roƙo ba ce. Kin ce kun duba kayansa, ba ko takarda ɗaya da ya rubuta dangin zomayen. Don Allah a sake duba aljihunan rigunansa kafin a rabar.

Mun gode muku da kuka zo. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Yaran da yake ciyarwa bai haifa ba, Allah ka duba su. Amin.