Can Ba a Zuwa Gida Cin Tara

Assalamu alaikum Malama, sannu da fama da wasiƙunmu. Sunana Hadiza, malamar firamare daga Kano, ina ƙaro karatu a Kuala Lumpur.

Jiya da rana muna cin abinci a mamak, wato gidan abinci, a titin Jalan Semarak ni da Lusiya, 'yar ajinmu. Haihuwar Amurka ce, iyayenta 'yan Meziko. Na ga tana ta juya cokali ba ta ci. Ta ce yayarta ce ta kira daga Amurka: gwamnati ta rage kuɗin makarantun unguwarsu, an soke karin kumallon yara, har da na 'ya'yan yayar, an kuma sallami malamar da ke koya musu Turanci, alhali Sifaniyanci suke yi a gida.

Ni da wautata na ce, "In an tashi tara su ruga gida su ci mana, kamar yaranmu."

Ta ce, "Hadiza, can ba a barin yaro ya fita. Ko ya fita, gida a kulle yake, tun asuba uwarsu ke wurin aiki."

Ni ce fa na ga yadda aka daina ciyarwa a makarantarmu, yara suka riƙa tafiya gida cin tara ba sa dawowa.

Wallahi na gaji. Na zaci a wurinmu kaɗai ne in aljihun gwamnati ya yi ƙasa ake fara ɗauke kwanon yara. Masu sauraro, me zan gaya mata ban da "sai haƙuri"?

Ina gaishe da malaman makarantarmu, musamman masu sayen ƙosai daga albashinsu suna raba wa aji.