Programe Ɗin Ba Nawa Ba Ne

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Kun san ni, tsohon soja ne, ban iya dogon zance ba.

Bara aka cire mini ƙoda ɗaya a Yamai, ciwon daji. Suka ce da saura a jiki, sai na riƙa shan ƙwaya kullum. Likita ya ce a kira mai fassara, na ce a bari, ai ina jin Faransanci. Na bariki ne, amma girman kai bai bar ni na faɗa ba.

Cikin bayaninsa kalma biyu na kama: "mor programe". Mor dai mutuwa. Programe kuwa, a soja, abin da aka tsara ne, ba a ɗagawa. Na ce to, an sa mini rana.

Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Na hau kar, babbar motar haya, na dawo Gure, na zuba ƙwayoyin cikin tsohuwar jakata ta soja ban sha ba, na ba ƙanena garkar da nake nomawa a kwari. Matata Hannatu ta kawo tuwo in ci, ta yi magana in ce to. Wata biyu haka.

Wata safiya ta ce mu yi addu'a. Na durƙusa don kada ta ji haushi. Abin da ya fito bakina kawai shi ne, Ubangiji, ga ni.

Ranar tana shara ta ga ƙwayoyin. Ta kira maƙwabcinmu Malam Bukar, tsohon majo na asibiti, Musulmi ne. Ya karanta takardar likita, ya dube ni.

"Sarjan, mutuwar nan ba kai ake nufi ba. Naman jiki yana da lokacin da yake mutuwa da kansa, kamar yadda gawo ke zubar da ganye. Ciwon ya ƙi bin wannan umarni. Maganin shi ke tuna masa."

Na ce a ba ni ruwa.

Hoton da aka yi mini a watan jiya ya nuna ƙullutun ciwon ya ragu. Bai tafi ba, ba zan yi ƙarya a gaban Allah ba. Murna ma ba ta gama dawo mini ba, Hannatu ce ke yi mana mu biyu.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, abin da ba ku gane ba kuma ku tambaya. Jiya na je wajen ƙanena, na ce ya ba ni garkata.