Kakan Lachlan a Kujerar Kunya

A ɗakin jira na gidan tsofaffin takardu a Edinbara, Lachlan Rattray ya gaji da shiru, ya juya ga tsohuwar da ke gefensa tana tsotsar alewa.

"Iya, auren kakan kakana nake nema. Asabar bikina, kuma na cika wa surukina baki cewa gidan Rattray gidan mutunci ne."

"Kafin gwamnati ta fara rubuta aure a rajista? Tab! Lokacin, mutum ya kama hannun mace gaban shaidu biyu, ko a mashaya ne, ya ce matarsa ce, an ɗaura."

"Ba dai a gidanmu ba."

"To, yi addu'a kakan naka ya yi ɓarna da mata. Coci kan manta da na kirki. Wanda aka zaunar a kujerar kunya gaban jama'a ranar Lahadi kuwa, sunansa ba ya ɓata a littafin coci."

Lachlan ya sunkuyar da kai. "Ai na ga sunansa a littafin. Sau uku."

"Madalla! Da kakar taka?"

"Ko sau ɗaya ba ita ba ce."

Tsohuwar ta tauna alewar ƙaras.

"Na sani, ɗan nan. Mace ta biyun kakar gidanmu ce. Ka ajiye mini kujera ranar Asabar, kusa da surukin naka."